Takardar saki ta fito, to gidan fa na wa?

Ina gaida masu sauraronmu na nan Sabon Birni, da na Getso, Lakwaya, Kutama da cikin garin Gwarzo, da maƙwabtanmu na Kabo da Garo, da 'yan'uwa da ke neman kuɗi a Kano, Abuja da Legas suna bibiyarmu ta waya. Waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar gida za mu yi. Aure ya mutu, an miƙa takarda, to gidan da aka zauna a ciki fa, na wa ne? Kuma idan mutum yana so ya raba tsohuwar matarsa da gidan, ko mace tana so ta raba tsohon mijinta da shi, ta wace hanya ake bi ba tare da an ci haƙƙin wani ba?

A garuruwanmu idan aure ya mutu akwai abin da ba a jayayya a kansa, wato kayan ɗaki. Gado, katifa, kujeru, kwanuka, har labule, kowa ya san na mace ne. 'Yan'uwanta za su zo da a-kori-kura su kwashe, su ƙirga har cokali. Amma bulon da aka saya da kuɗin tumakinta, da bandir ɗin kwanon rufi da aka sauke ranar da ta ɗauki adashi, waɗannan ba mai loda su a mota. Suna nan manne a jikin gini, takardar filin kuma sunan mutum ɗaya ne a kanta. Mun iya ƙirga cokali, amma mun kasa ƙirga bulo.

To ga maganar da nake so kowa ya riƙe a shirin yau. Takardar saki aure kaɗai take warwarewa. Ba ta goge sunan kowa daga takardar gida, kuma ba ta goge kuɗin da kowa ya zuba a ginin. Raba aure aiki ɗaya ne, raba dukiya wani aiki ne daban, kowanne da hanyarsa.

Mu fara daga tushe. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Jihar Kano suke hukunci da ita, aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata ta zama ɗaya. Sadakinta nata ne, gadonta nata ne, ribar ƙuli-ƙulinta da ɗinkin hularta da kiwonta duk nata ne. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama kuwa a kan miji suke, ko da ta fi shi kuɗi. Wannan ya sha bamban da abin da muke ji a labarai daga Ingila ko Amurka, inda alƙali yake iya raba dukiyar aure tsakanin mutum biyu don kawai sun yi zaman aure. A nan Najeriya akwai makamancin hakan a dokar 1970 da ta shafi auren rajista, wadda ta ba Babbar Kotu ikon tsara rabon kadara bayan rabuwa, kuma 'yan'uwanmu Kiristoci da suka yi irin wannan aure ita za su bi. Amma mu da aka ɗaura mana aure da waliyyi da sadaki da shaidu, tambayar da alƙali zai yi ita ce: wa ya zuba me, kuma da wace niyya? Kundin tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Najeriya, bai ware mace ba.

Kafin ma a kai ga lissafin kuɗi, akwai haƙƙin da muka fi takewa, wato idda. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har sai iddarta ta cika. Tsarki uku ne ga mai yin al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuma sai ta haihu. A Malikiyya ko da saki uku ne tana da haƙƙin wurin zama har ta gama. Amma mu me muke yi? Da magariba a miƙa takarda, kafin isha ta goya yaro ta hau babur. Ɗan'uwa, ko gidan naka ne kai kaɗai tun daga fandisho har rufi, ba ka da ikon canza kwaɗon ɗakinta a wannan lokacin. Bayan idda kuma, idan yara suna hannunta, wurin kwanansu yana cikin abin da ke wuyanka.

Yanzu bari mu rarrabe matsalolin, don ba iri ɗaya ba ne.

Na farko, gidan da miji ya gina da kuɗinsa shi kaɗai, ko ya gada. Wannan ba wata doguwar magana. Idda ta cika, gida nasa ne. Ina faɗar wannan ne don kada wata ta ji shirin nan ta ɗauka shekarun da ta yi a gidan sun mayar da ita mai rabo a cikinsa. Shekaru ba sa ba da mallaka a wannan babin.

Na biyu, gidan da miji ya ce ya ba ta kyauta. Sau nawa muke jin haka? Lokacin amarci, ko ranar da ta haifi ɗa namiji, ya ce a gaban mutane, "Na ba ki gidan nan." Ranar da aka ɓata kuma ya ce ya fasa. A Malikiyya kyauta tana ɗauruwa da furuci, kuma waɗanda aka ba damar karɓe kyautarsu su ne iyaye a kan 'ya'yansu, shi ma da sharuɗɗa. Miji ba ya cikinsu. Idan ta kawo shaidun da suka ji, tana iya neman a miƙa mata. Sai dai akwai wani tarko da mata da yawa ba su sani ba. Kyauta ba ta kammala sai an karɓe ta a hannu. Malaman mazhabar sun ce idan miji ya ba matarsa gidan da suke zaune a ciki, kuma ya ci gaba da zama a cikinsa, ba a ɗaukar cewa ta karɓa, tun da dama shi ke da alhakin ba ta wurin zama. Idan ya rasu a haka, ko bashi ya cinye dukiyarsa, kyautar ta rushe, gidan ya koma cikin gado ko hannun masu bin bashi. Don haka 'yar'uwa, idan an ba ki gida, kada ki tsaya a kan daɗin baki. A rubuta, a sa shaidu, a juya takarda zuwa sunanki, ki kuma tambayi malami ko alƙali yadda za a cika sharaɗin karɓa.

Na uku, kuma shi ya fi yawa a yankinmu: ta zuba kuɗi a ginin, amma sunanta ba ya kan komai. Ta sayar da saniyar da ta gada, ta ba shi ya ƙarasa rufi. A nan kuɗin nan ɗaya ne cikin uku: ko kyauta ta yi masa, ko rance ta ba shi, ko kuma tarayya suka yi a gidan. Ku saurari bambancin da kyau, don a nan ake asarar miliyoyi.

Mu ɗauka misali ne kawai. Fili da gini sun ci naira miliyan 3, ita ta ba da miliyan 1. Shekaru sun wuce, yau masana sun yi wa gidan ƙima miliyan 9. Idan kyauta ta yi, ba ta da ko sisi. Idan rance ne, miliyan 1 ɗinta za a mayar mata, don rance ba ya haihuwa. Idan kuwa tarayya ce, kashi ɗaya cikin uku na gidan nata ne, wato miliyan 3. Kun ga kalma ɗaya da ba a furta ba ranar da ta miƙa kuɗin, ita ce tsakanin sifili da miliyan 3. Ku tuna kuma yadda kaya suka tashi. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 3,000 a 2019, a farkon 2024 ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Matar da aka mayar wa kuɗinta na wancan lokacin a yau, ko ɗaki ɗaya ba za ta tayar da su ba.

Na huɗu, gidan nata ne gaba ɗaya amma sunansa ne a takarda. Yadda abin yake faruwa kowa ya sani. Tana cikin gida, ba ta zuwa wurin dillali, sai ta ba mijinta kuɗi ya sayo mata fuloti. Shi kuma da aka zo rubuta takarda a gaban mai unguwa, sai ya faɗi sunansa, wai don kada a ce matarsa ce ta saya masa gida. A shari'a wanda aka wakilta ya sayo abu, abin na wanda ya aike shi ne. Amma sai ta tabbatar da cewa aike ne, kuma takardar da ke hannu tana goyon bayansa. Irin wannan ma yana faruwa ta ɗaya ɓangaren. Akwai mazan da suke sa sunan matansu a takarda don ɓoye kadara daga 'yan'uwa ko masu bin bashi, ranar da aka rabu sai ta ce ai kyauta ce. Shi ma sai ya nemo hujja.

Na biyar shi ne na ƙauyukanmu musamman. An yi gini a cikin gidan gado, a filin mahaifin miji da ba a raba ba. Ta kashe kuɗinta ta mayar da ɗakin ƙasa na siminti, ta haƙa rijiya, ta zagaye da katanga. Filin ba na mijin ba ne shi kaɗai, balle ya zama nata. Abin da za ta iya nema shi ne ƙimar abin da ta zuba, alƙali ne kuma zai tantance. Shawarata ga duk wadda take da ɗan jari: kafin ki sa bulo ɗaya, ki tambaya, filin nan an raba shi? Rabon wa ya faɗo?

To, a ce an tabbatar gidan na mutum biyu ne, ko sunayen duka biyun suna kan takarda. Yaya ake fitar da ɗaya?

Hanya biyu ce kawai, yardarsa ko hukuncin kotu. Idan za a bi ta yarda, a samo waɗanda suka san farashin gidaje a unguwar, kowane ɓangare ya kawo nasa, su yi wa gidan ƙimar yau. Mai son ya riƙe gidan ya biya ɗayan rabonsa. Idan babu kuɗin a dunƙule, a rubuta yadda za a biya kashi-kashi da ranakun biya, kuma kada a juya takarda sai an gama. Idan gidan yana rabuwa, misali sashe biyu ne kowanne da ƙofarsa, ana iya ja da katanga. Idan ba ya rabuwa kuma an kasa daidaitawa, alƙali yana da ikon ya sa a sayar a raba kuɗin gwargwadon rabon kowa. Akwai kuma haƙƙin da ake kira shufu'a: idan abokin tarayyarka ya sayar da rabonsa ga wani bare, kai ne ka fi cancanta ka karɓa a kan farashin da aka sayar. Wannan yana hana a wayi gari tsohon miji ya sayar wa wani baƙo rabin gidan da yaransa suke kwana a ciki, ita tana ji tana gani.

Bayan an biya sai maganar takarda, kuma a nan mutane suke sakaci. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da izinin mallaka. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. Mu a nan yawancin abin da ke hannunmu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. Idan irin wannan ce, a koma wurinsu a rubuta sabuwa da ke cewa wance ta sayar da rabonta ga wane a kan kaza, ta karɓi kuɗinta, ta sa hannu ko ta dangwala da kanta a gaban shaidu, har da na ɓangarenta. Daga nan a kai sashen filaye na ƙaramar hukuma a shigar da canjin, don dokar ta nemi amincewarsu. Idan kuma gidan a Kano yake kuma yana da satifiket ɗin gwamna, to takardar mai unguwa ba ta isa ba. Sai lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar ya tanada, a yi rajista ta ma'aikatar filaye da hukumar KANGIS. Idan ba a yi haka ba, a idon hukuma sunan da ke kan satifiket shi ne mai gida, ko da an shekara goma da rabuwa. Ranar da ɗayansu ya rasu, rigimar ta koma kan 'ya'ya, har da 'ya'yan da aka haifa a wani auren.

Ma'aikata kuma ku kula. Idan da bashin banki aka gina, ko an jinginar da takardar, bankin ba ruwansa da saki. Duk wanda ya sa hannu a bashin yana nan a ciki har sai bankin da kansa ya sake shi a rubuce.

Abubuwa biyu nake roƙon kada a yi. Na ɗaya, kada ka sa wani ya dangwala a madadinta, kada ka je ka yi sabuwar takarda a ɓoye ka ce tsohuwar ta ɓata. Wannan jabu ne, laifi ne a doka, kuma cin dukiyar mutum ne da zalunci. Na biyu, kada a mayar da saki abin ciniki. Muna jin irin su: "Ki yafe kuɗin ginin in ba ki takardarki." E, hul'i halal ne, mace tana iya fansar kanta da abin da suka daidaita a kai. Amma a Malikiyya idan ta tabbatar cewa cutar da ita aka yi har ta gaji ta yafe, sakin ya tabbata, abin da ta bayar kuma a mayar mata. Saboda haka mai ƙuntata wa mace don ta bar masa gida, ya sani kotu tana iya karɓe abin daga hannunsa, kafin ma a je gaban Allah.

Idan sulhu ya gagara fa? A fara da iyaye da waliyyai, sannan mai unguwa da dagaci, ko ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma, waɗanda sulhun ma'aurata yana cikin aikinsu na kullum. In an kasa, sai kotun Shari'a, kuma wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Idan jayayyar a kan mallakar filin da ke da satifiket ɗin gwamna ce, dokar 1978 ta ba Babbar Kotun Jiha hurumin sauraro, don haka a tuntuɓi lauya kafin a shigar da ƙara a inda ba nan ba. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, duka suna aiki a Kano.

A kotu ƙa'idar a bayyane take: mai da'awa shi ke kawo hujja, mai musu kuma rantsuwa. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, a Malikiyya har da shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara. To wa ya ga lokacin da ta miƙa kuɗin? Yawanci cikin ɗaki ne, da daddare, daga ita sai shi. Shi ya sa nake cewa mu 'yan wannan zamanin ba mu da uzuri. Kusan kowane gida akwai waya. Idan za ki ba da kuɗin gini, ki tura ta banki, ki rubuta dalili a wurin bayani, ki adana alat ɗin. Ki riƙe rasiɗin siminti. Uwar adashi shaida ce, wanda ya sayi tumakin shaida ne, magini ma shaida ne. Abin da ya fi duka kuwa, takarda guda mai layi huɗu: rana kaza, wance ta ba wane naira kaza, a matsayin rance ko tarayya, shaidu wane da wane.

Na san abin da wasu abokaina maza za su ce, don sun sha faɗa mini a majalisa: "Malam, kana koya wa mata fitina. Matar da ta ce a rubuta ai ba ta yarda da kai ba, tana shirin fita ne." Ga amsata. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Sannan takardar nan kai ma tana kare ka. Ita ce za ta hana a ce maka miliyan 2 aka ba ka alhali dubu 500 ne. Ita ce za ta raba matarka da 'yan'uwanka faɗa ranar da ba ka nan, lokacin da za a ce rabonta tumunin takaba ne kawai, alhali rabin rufin gidan da kuɗinta aka yi. Kuma ka tambayi kanka: idan ƙanwarka ce za ta sayar da gonar gadonta ta zuba a ginin mijinta, me za ka ce mata? To abin da za ka so a yi wa ƙanwarka, ka yi wa ƙanwar wani.

Ku kuma 'yan'uwa mata, kunya ado ce, amma kada ta hana ki faɗin kalma ɗaya a ranar da ya kamata. Ba sai da faɗa ba. "Maigida, wannan kuɗin rance ne," ko "Ina so a sa ni a cikin gidan gwargwadon abin da na bayar." Idan bakinki ya yi nauyi, ki sa yayanki ko kawunki ya faɗa. Idan kuma kyauta kika yi niyya don Allah, to ki bar ta a kyauta, kada ranar ɓacin rai ki mayar da ita bashi. Gaskiya ta kowane ɓangare ake nema.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, a gabanku ake rubuta takardun nan. Tambaya ɗaya za ta rage muku shari'o'i da yawa: "Kuɗin nan na wa ne? Akwai na iyali a ciki?" Idan akwai, a rubuta.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Ba wanda yake ɗaura aure da fatan ya mutu, kuma muna roƙon Allah Ya zaunar da kowa lafiya a ɗakinsa. Amma wanda yake da gini a hannu yanzu, ko wadda ta san akwai kuɗinta a bangon da take jingina da shi, a zauna a cikin makon nan, tun ana dariya da juna, a kira mutum biyu a rubuta.

A nan za mu dakata. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana, musamman masu shirin aure da masu gini. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.